Hawayen Dokta Fabian

"Ku taimaka! Babur ya kaɗe Sista Joanna!"

Muryar Simon direba ce ta tsaga safiyar. Da gudu ya turo gadon ɗaukar marasa lafiya ta ƙofar ƙaramin asibitin mishan da ke bayan layin dogo a Kafanchan.

Joanna na kwance a kai, idanunta a rufe, farar rigar aikinta ta yi jajir daga ƙirji har gwiwa.

A zuciyarta kuwa daƙiƙoƙi take ƙirgawa.

Ɗaya... biyu... uku...

Babu babur ɗin da ya kaɗe ta. Jinin ma zoɓo ne da aka dama da sitaci don ya yi kauri. Aikinta ke nan. Tun shekarar 1988 ofishin kiwon lafiya na ikilisiya ya ɗauke ta daga ɗakin haihuwa, ya ba ta wani aiki da har yau tsofaffin gari ba su samo masa suna ba. Zagaya asibitoci take yi daga Kagarko zuwa Manchok, tana koya wa likita da nas da mai gwajin jini da mai ba da magani, har da direba da mai shara, yadda za su haɗa hannu a kan mara lafiya ɗaya ba tare da wani ya take ƙafar wani ba. Sai ta yi mako biyu tana koyarwa, sannan wata rana ba zato ta kawo musu mara lafiyar ƙarya ta ga abin da za su yi.

Yau matar da aka shirya da ita tana ganin zoɓon ta ce ita ba za ta kwanta a gadon asibiti da lafiyarta ba, kada ciwo ya gan ta ya gane ta. Shi ya sa Joanna ta kwanta da kanta. Daga Simon sai Sista Martina, babbar nas, babu wanda ya sani.

Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba.

Dokta Fabian, shugaban asibitin.

Ta ji an bankaɗe ƙofar ɗakin likita, ta ji takun da ta sani ko cikin mutum ɗari.

"Joanna! Yesu! Joanna!"

Sista Martina ta miƙo hannu za ta auna bugun jini, ya ture ta.

"Ku matsa! Kada wanda ya taɓa ta!"

Luke mai gwajin jini ya tsaya da kwalabensa yana jiran a kira shi, ba a kira shi ba. Fabian ya sunkuci Joanna daga kan gadon mai tayoyi huɗu masu lafiya, ya rungume ta ya nufi ɗakin tiyata, har ƙafarta ta bugu da ƙofa.

"Jo, buɗe ido... don Allah buɗe ido, zuciyata! Kada ki bar ni! Ko Mama ban gaya wa ba tukuna!"

Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a kumatunta.

Hawaye!

Wata takwas suna ɓoye soyayyarsu. Wata takwas yana ce mata "Sista" a gaban mutane, ita tana ce masa "Dokta". Yau ga shi ya kwance komai a gaban mutum tara da wani talotalo da ya saba zama a barandar asibitin kamar mai jiran kati.

Zuciyarta ta narke. Amma agogon da ke kanta bai tsaya ba.

A hankali ta buɗe ido ɗaya.

"Dokta... minti huɗu sun wuce. Ba ka auna bugun jinina ba."

Ya tsaya cak. Ya dubi fuskarta, ya dubi jinin da ya ɓata masa riga, ya kai hanci ya shinshina.

"Wannan jinin... kanumfari ke ciki?"

"Da citta kaɗan," in ji Sista Martina, ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Kowa ya fashe da dariya sai mutum ɗaya. Ginikachi mai ba da magani ta tsaya a bakin tagarta, fuskarta kamar an watsa mata ruwan sanyi. Tun suna yara mahaifiyar Fabian ke kiranta matar ɗana. Ginikachi ta cire rigar aiki ta fita ta ƙofar baya.

Labari kuwa ya riga ta fita. Mai gasa masara a bakin titi ta ga an shiga da Joanna cikin jini, ta bar masararta a kan wuta ta ruga kasuwa, inda Baba Zamani, mahaifin Joanna, ya kawo citta daga ƙauyensu na wajen Manchok.

Ba a yi rabin sa'a ba sai ga shi a kan kekensa mai ƙararrawa biyu, gwaggonnin Joanna uku na biye da shi, hannu a ka, suna rusa kuka.

Ya tarar da 'yarsa zaune tana goge wuyanta da tawul.

"Baba, lafiyata ƙalau. Aiki ne."

Gwaggo biyu suka yi shiru. Ta ukun ta ce ita in ta ɗauko kuka ba ta iya ajiye shi a tsakiya, ta koma gindin mangwaro ta ƙarasa abinta.

Baba Zamani ya daɗe yana kallon Joanna.

"Wane irin aiki ne wannan da ake mutuwa da safe a tashi kafin shayi ya huce?"

Kafin ta amsa sai ga wata doguwar mata ta shigo da lema a hannu, Ginikachi na bayanta. Mama Immaculata ce, mahaifiyar Fabian. Shekara arba'in da suka wuce jirgin ƙasa ya kawo ta daga gabas da mijinta, direban jirgi. Mijin ya rasu, ita ta zauna. Hausa ta zauna a bakinta daram, sai dai har yau ba ta raba mace da namiji a magana.

"Fabian! Wane ne wannan yarinya da ka yi kuka a kansa gaban duniya?"

"Mama, ita ce Joanna. Ina so..."

"Kana so me? Ka rufe baki!"

Baba Zamani ya gyara tsayuwa.

"Madam, ni ma tambayar da zan yi ke nan. Wane ne wannan da ya rungumi 'yata, ko ƙofar gidana bai sani ba?"

"Likita ne! Ɗana ne!"

"To, likita ya ji. Mu a wurinmu ba a ɗaukar yarinya a baranda. In da gaske yake, uwarsa ta tako da ƙafarta ta zo gidana. In ba ta zo ba, babu magana."

Mama ta buga lemarta a ƙasa.

"Ƙafata? Ka jira, Baba. Ka jira sosai!"

Da yamma, bayan an tashi aiki, Fabian ya sami Joanna a benci na bayan asibiti, takarda a cinyarta, biro a hannu. Jirgin kaya na wucewa a hankali, ƙasa na ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Me kike rubutawa?"

"Rahoton gwajin yau."

"Me kika ce a kaina?"

Ta miƙa masa. Ya karanta, fuskarsa na sauyawa. Shugaban asibiti ya ture babbar nas. Bai kira kowa da suna ba. Bai raba aiki ba. Ya ɗauki wadda ta yi haɗari ba tare da ya duba wuyanta ba. Bai ci gwaji ba.

"Jo... bai ci ba? Haka kawai?"

"Haka aka yi, Fabian."

"Saboda ke ce fa! Da wani ne da kin ga aiki!"

"Na sani."

"To ki rubuta cewa ba a kammala ba. Kin san dokar ofishinku. Wanda ya faɗi sau biyu, sauke shi ake yi a kai shi wani gari. Kina so a raba mu?"

Idanunta suka ciko. Ta tuna ɗumin hawayensa a kumatunta, biron ya yi mata nauyi.

"Masoyi, yau ka sa na ji abin da ban taɓa ji ba. Ko a mafarki ban san ana sona haka ba. Amma da jinin gaske ne, da a hannunka zan mutu kana kiran sunana. Gobe wata za a kawo, ita ma akwai mai sonta."

Ya miƙe ya kakkaɓe wando.

"Na gode, Sista."

Wannan "Sista" ɗin ya fi mari ciwo.

Ta sa hannu a rahoton, ta aika.

Kwana biyar bai yi mata magana ba sai ta aiki. Amma ta lura da wani abu. Kullum da safe yakan tara ma'aikata a baranda, ya tsaya da takarda yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa ina zai tsaya in an kawo na gaggawa. Har Martha mai shara ya tambaya. Tsohuwar ta ce shekara goma sha ɗaya tana wurin, yau ne likita ya fara neman ra'ayinta a kan abin da ba tsintsiya ba.

Ginikachi ma ba ta zauna ba. Ta zare kwafin rahoton daga teburin Sista Martina, ta kai wa Mama, ta karanta mata sau biyu, tana ƙara gishiri a inda ta ga bai ji ba.

Ranar Asabar da rana Joanna na wanki a tsakar gidan da take haya, sai inuwar lema ta rufe bahonta.

"Kai ne ka rubuta ɗana ya faɗi?"

Joanna ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama. Ga kujera."

"Ban zo zama ba! Fabian tun firamare bai taɓa faɗi ba. Babansa ya mutu, na sayar da shinkafa a tasha shekara ashirin ya zama likita. Kai ka zo da zoɓo ka kayar da shi!"

"Mama, ba don in kunyata shi..."

"Kuma kana yawo! Yau Kagarko, gobe Gidan Waya. Matar aure ne ko kwandastan mota?"

Joanna ta sunkuyar da kai. Mama ta yi ta faɗa har ta gaji, sannan ta zauna a kujerar da ta ce ba za ta zauna ba. Ta dubi kumfar sabulu. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"An ce ya yi kuka."

"Ya yi, Mama."

"Da hawaye?"

"Da hawaye."

"Ranar da aka binne babansa bai yi ba. Ya tsaya kamar sandar waya. Bara na kwanta zazzaɓi kwana shida, ya zo ya ba ni ƙwaya ya ce in sha ruwa da yawa." Ta juya lemar a hannunta. "Ni da na haife shi ban taɓa ganin hawayensa ba tun ya yi gemu."

Sai a lokacin Joanna ta gane inda ciwon yake.

"Yaushe za ka sake wannan wasa?" Mama ta tambaya.

"Cikin mako mai zuwa. Ba ya sanin rana."

"Ni zan kwanta."

"Mama?!"

"Ni zan kwanta! Ginikachi ya ce in gwada in gani. In ɗana ya ga uwarsa a ƙasa ya tsaya yana ba da oda da busasshen ido, to ka cinye zuciyarsa ka bar mini ƙashi, ba zan taka gidanku ba har in mutu. In ya ture kowa ya ɗauke ni kamar yadda ya ɗauke ka..."

"In ya yi haka ya faɗi sau biyu, Mama. Za a ɗauke shi daga Kafanchan."

"Sai ya tafi da Ginikachi."

Joanna ta auna maganar. Ta ko'ina aka bi, ita ce a ƙasa. Ginikachi ta iya ƙulli!

Za ta iya cewa a'a. Za ta iya raɗa wa Fabian. Amma in ta raɗa masa, gwajin ya zama wasan yara, ita kuma ta zama maƙaryaciya a aikin da ta ba rayuwarta. Ta tuna yadda yake tsayawa a baranda da takardarsa, yana kiran suna.

"Na yarda, Mama. Amma da sharaɗi. In na busa usur, kin warke."

"Zan warke in na ga dama."

Ranar Laraba da hantsi, layin masu karɓar kati ya kai bakin mangwaro. Joanna na tsaye a lungu da agogo a tafin hannu, usur a aljihu.

Mama Immaculata ta shigo da kwanon abinci a hannu kamar ta kawo wa ɗanta. Ta kai tsakiyar fili. Ta tsaya. Ta dafe ƙirji.

"Chineke... Ubangiji... kaina..."

Kwanon ya faɗi, doya ta watse. Ta yi taku biyu gefe, ɗaya baya, ta juya kamar mai neman inda ya fi tsabta, sannan ta sulale ƙasa a hankali, ƙafa ɗaya na karkarwa. Ko Joanna da ta shirya abin sai da gabanta ya faɗi. Talotalon ya sauko ya fara cin doyar.

"Dokta! Mamanka!"

Fabian ya fito da gudu. Ya gan ta. Ya yi wata ƙara da ba ta yi kama da magana ba, ya zube a gwiwa, hannayensa biyu suka shiga ƙarƙashinta zai sunkuce ta.

Joanna ta rufe ido.

Shi ke nan...

Ba ta ji takun gudu ba.

Ta buɗe ido. Yana nan durƙushe, hannayensa a ƙarƙashin uwarsa. A hankali ya zare su. Ya ɗago kai, fuskarsa sharkaf, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a goshin uwarsa.

"Sista Martina!" Muryarsa ta fashe, amma ta fita. "Numfashi da bugun jini, ki faɗa mini da ƙarfi!"

"Tana numfashi, Dokta! Bugu tamanin da takwas!"

"Simon, gado! Mu huɗu za mu ɗaga, ni ne a kai. Luke, jinin yatsa, sukari! Ginikachi, ruwan ƙari da allura, yanzu! Martha, ki janye mutane, ki dawo ki riƙe hannunta!"

"To, Dokta!"

"Mama... Mama, ina nan. Kada ki yi mini haka... Ɗaya, biyu, uku, ɗaga!"

Suka ɗaga ta kamar takarda. Gadon ya shige ɗaki, kowa na faɗin abin da ya gani, shi yana maimaitawa yana kuka yana ba da umarni, duka a lokaci ɗaya. Joanna ta bi su tana kallon agogo ta cikin nata hawayen.

Minti biyu da rabi, komai ya kammala.

Sai ruwan ƙari.

"Ginikachi! Ina ruwan?"

Ginikachi ta san wasa ne. Ta tsaya ta kulle tagarta, ta gyara ɗankwali, ta taho tana jan silifas da ledar ruwan a hannu kamar mai kai saƙon gishiri.

Sista Martina ta fizge ledar, ta ɗaure hannun Mama, ta ɗaga allura.

Joanna ta busa usur.

Fiiiit!

Kowa ya tsaya cak. Fabian ya juyo ya ga Joanna da agogo. Ya dubi uwarsa. Bakinsa ya buɗe.

"Mama?"

Mama ba ta motsa ba.

"Mama, an busa," in ji Joanna a hankali.

"Na ji," in ji Mama, idonta a rufe. "Bari in ƙara kaɗan. Akwai daɗi."

Fabian ya zame ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da tafin hannu. Ba a san ko dariya yake ko kuka ba, shi ma bai sani ba.

"Ku biyun nan za ku kashe ni! Wallahi za ku kashe ni!"

Mama ta tashi zaune. Ta shafa goshinta, ta dubi yatsunta da suka jiƙe, ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta jawo kan ɗanta ta manna a ƙirjinta.

"Ɗana... ashe kana da ruwa a ido."

Al'adar Joanna ce bayan kowane gwaji a zauna a da'ira, kowa ya faɗi abin da ya gani. Aka jawo benci. Kafin ta buɗe baki, Mama ta ɗaga lema.

"Ni zan fara. Ni ne na mutu."

Babu wanda ya musa.

"Kai, Sista, hannunka sanyi kamar ƙarfen jirgi. Ka murza shi kafin ka taɓa mutum. Kai, direba, ka iya ɗagawa, amma zanena ya buɗe har gwiwa, babu wanda ya rufe ni. Ni matar mutum ne, ko da ya mutu! Kai mai jini, ka soke ni ba ka ce sannu ba. Dukanku kuna magana a kaina kamar buhun citta. Mutum ɗaya ne ya yi magana da ni."

Ta nuna Martha mai shara.

"Wannan. Ya sa baki a kunnena ya ce, Mama kada ki ji tsoro, yanzu za a ɗaga ki, yanzu za a soke ki kaɗan. Da ciwon gaske ne, muryarsa zan bi in dawo."

Martha ta rufe fuska da gefen zane.

Joanna rubutu kawai take yi, hannunta har yana ciwo. Shekara biyu tana wannan aiki, tana auna minti, tana duba wa ya tsaya ina. Ba ta taɓa tambayar wanda ke kwance me ya ji ba.

Mama ta juya.

"Ginikachi."

"Mama, ai na san ba gaske..."

"Ka san, ka san! Ina kwance ina jin silifas naka, tas... tas... tas. In wata rana na faɗi da gaske, kai kana tsammani wasa ne fa? Kai ne ka ce in zo in kunyata yarinyan nan. Shi yana can lungu yana kuka, kai kana gyara ɗankwali!"

Ginikachi ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mata. Joanna ta ji tausayinta. Ita ma so ne ya kai ta.

"Za mu sake naki gwajin, Ginikachi," ta ce. "Kin iya aikinki, na sha gani."

Fabian ya matso, ya tsaya a gabanta kamar ɗan makaranta.

"Sista... na ci?"

Ta duba takardarta, ta ja lokaci da gangan.

"Ka raba aiki. Ka kira kowa da suna. Ka jiƙa mara lafiya da hawaye, amma babu dokar da ta hana." Ta ɗago, murmushi ya ƙwace mata. "Ka ci, Dokta."

"Ki yafe mini kwana biyar ɗin nan, Jo. Ke ce da gaskiya."

"Kwana tara ne."

"Kin ƙirga?"

"Aikina ne, masoyi."

Mama ta yi gyaran murya mai ƙarfi. Joanna ta zo ta durƙusa a gabanta da takardar a hannu.

"Mama, abin da kika faɗa yau, babu shi a littafin da aka koya mini. Ranar Litinin ina da gwaji a Kagarko. Bayan shi akwai Gidan Waya. In za ki yarda... ki zo ki kwanta musu, ki gaya musu abin da kika ji."

Idon Mama ya yi haske kamar na yarinya. Ta yi ƙoƙarin ɓoyewa, ta kasa.

"A Kagarko zan iya yin ciwon ciki? Na iya ciwon ciki sosai."

"Kowane iri kike so, Mama."

"Da birgima?"

"Da birgima."

Mama ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta gyara ɗaurinsa. Ta dubi Joanna daga sama har ƙasa.

"Ni ba na shiga mota da baƙo. Mutane za su ce wane ne wannan da kake yawo da shi, me zan ce?"

Mama da kanta ta ba da amsa.

"Sai in ce matar ɗana ne." Ta juya ga Fabian. "Kai, me kake kallo? Je ka nemo akuya mai kyau da lemo. Asabar za mu Manchok. Tsohon nan mai ƙararrawa biyu ya ce in taka da ƙafata."

Ranar Asabar ta taka. Ta sauka daga mota tun bakin hanya, ta ƙi a ƙarasa da ita, ta bi ta cikin gonakin citta har ƙofar gida, Fabian da kawunnansa na biye da akuya. Baba Zamani ya fito ya tsaya, ya dubi ƙurar da ke ƙafarta.

"Madam, kin zo."

"Na zo, Baba. Ka ba ni 'yarka."

"Ɗanki zai hana ta aikinta? Don ni na rasa gane aikin, amma na ga tana sonsa."

"Ya hana mu? Wa zai hana mu? Litinin muna Kagarko!"

Baba Zamani ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce a shigo da akuyar.

Aka ɗaura aure a watan Disamba, coci ya cika har waje, gwaggo ta uku ta yi kukan daɗi tun daga waƙar farko har aka gama ɗaukar hoto. Da suka fito bakin ƙofa, Fabian ya sunkuyo kusa da kunnen amaryarsa.

"Zuciyata, mako ɗaya kawai nake roƙo. Ni da ke, babu asibiti, babu agogo."

Joanna ta matse hannunsa.

"Ni na ba ka, masoyi. Amma je ka roƙi Mama. Ta riga ta yi wa mutanen Gidan Waya alkawarin farfaɗiya ranar Alhamis."